Muryar Habu da Ta Ƙi Hawa Kiɗa

Ku da kuke shigo min shago da waya a hannu kuna cewa, "Oga, ai yanzu aikin ya zo da sauƙi, dannawa ɗaya ce murya ta gyaru," ku nemi benci ku zauna. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Ni ma na ga manhajar, na danna, na ji abin da ta fitar. Amma na haura shekara ashirin ina zaune gaban sifika a garin nan na Kazaure ina tace muryoyin mutane, kuma akwai aiki guda da har gobe in aka tambaye ni yadda na yi shi, sai in hau sosa ƙeya.

A Kano na koyi sana'ar, wajen maigidana Malam Sabo, Allah ya jiƙansa, tun ana ɗaukar waƙa a kaset. Shekarar farko ban taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Aikina naɗe wayoyin na'ura, kashe fanka in za a ɗauka, kunna ta in an gama, sai kuma fita in roƙi mai injin niƙa na maƙwabta ya ɗan dakata mana. Sai a shekara ta biyu ya bar ni na zauna kusa da shi. Abu ɗaya ya dinga nanata min har na haddace. Ya ce in murya ta ƙi, in fara duba waya. In ba waya ba ce, makirfo. In ba shi ba ne, ɗaki. In ba ɗaki ba ne, akwatin sauti. "In ka duba duk waɗannan ba ka samu ba," in ji shi, "to kunnenka ne ya mutu, ka tashi ka nemi wata sana'a." A kan wannan jerin na gina aikina, kuma ya daɗe bai ba ni kunya ba.

Da na dawo gida na buɗe nawa, katako na sa na raba shago biyu. Na manne bangon ɗakin ɗauka da soson katifa da kiret ɗin ƙwai, na huda taga na sa gilashi don in riƙa ganin mai waƙa. Abin tare iskar baki kuwa, safa ce na miƙe a kan zoben ƙarfe. Waƙoƙin biki nake yi da na soyayya da na yabo, har kwamfuta ta zo ta kori kaset, sannan samari masu hular hana-salla suka fara leƙowa da tasu gambarar ta zamani, wato rap. Da farko na ɗauka faɗa suke yi da makirfo. Sai da na zauna da abin na gane cewa ya fi duk sauran wuyar gyara.

Mai waƙar soyayya yana jan baiti ne, in ya kauce ka sa abin miƙe murya, ka zuba masa amo, shi ke nan ya fito tas. Mai rap kuwa jefo kalmomi yake yi a guje, in ka cika masa amo sai su hau kan juna, ba wanda zai tsinci ko ɗaya. Da farko za ka yanke gurnanin ƙasa, wanda ba murya ba ne, ƙarar babur ne da bugun ƙafa. Sannan ka nemo inda muryar take toshewa kamar mutum yana magana a cikin tulu, ka rage wurin. Ka ɗan buɗe sama don kalmomi su fito, amma ka tsare tsinin kada ya soki kunne. Sai kwamfiresa, abin da yake danne inda aka yi ihu, ya ɗago inda aka yi sanyi, har baitin ya tafi daidai. Numfashi ba duka ake gogewa ba, in ka goge duka sai ka ji kamar ba mutum ba ne. Bayan nan ka sassaƙa wa muryar gurbi a cikin kiɗa ta zauna. In ka gama kada ka yarda da manyan sifikunka. Tura waƙar a ƙaramar waya mai tocila, ka kuma tare ɗan adaidaita ka roƙe shi ya sa maka a tasa sifikar, don a nan mutanenmu suke jin waƙa.

Duk wannan na iya shi, kuma a kan Habu na ƙware. Habu ɗan Roni ne, acaba yake yi tsakanin garinsu da Kazaure, in ya sauke fasinja ya faɗo shagona. Murya ce da shi wadda sai dai ka rage, ba ka ƙarawa. In ya shiga ɗaki nakan ce ya ja baya taku ɗaya, in murɗa maɓallin ƙarfi ƙasa, in yi bisimilla. Ga surutu, ga tsokana. Sanƙona bai taɓa tsira daga bakinsa ba. Kwano ɗaya muke ci, kuma tunda yana da babur, sau da yawa shi nake aika gida ya karɓo min abincin rana. Saboda shi ne samari daga Gwiwa da Babura da Achilafiya suka san hanyar shagona. In faɗa muku gaskiya, muryarsa ce take riƙe da wurin.

Sai ga mummunar shekara. Da damina ruwa ya ɓalle rufin shagon ya zubo a kan kwamfuta da akwatin sauti. Wata biyu ina rufe. Kafin in farfaɗo da kayan hannu da na samo a Kano, rabin masu zuwa sun koma ɗaukar waƙa a wayoyinsu. Ana cikin haka wani mawaƙi da ya yi suna a Kano ya ji Habu, ya turo masa kiɗa, ya bar masa gurbin baiti ɗaya a sabuwar waƙarsa. Sharaɗin shi ne murya ta isa ranar Alhamis kafin magariba, in ba haka ba a ba wani. Irin wannan damar ba ta zuwa wa ɗan acaba daga Roni sau biyu, ni ma kuma da ita nake fatan shagona zai sake tashi.

Ranar Asabar da hantsi ya zo ɗauka. Tun daga ƙofa na ga abin da ban saba gani ba. Ya cire takalmi tun a waje, babu hana-salla, hula ce sosai a kansa. Ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Na waiga bayana ko wani dattijo ya shigo. Ba kowa.

"Wane Baba kuma? Kai Habu, lafiya? Yau ba za ka tambayi sanƙona ya ya kwana ba?"

Ya sunkuyar da kai ya yi ɗan murmushi. Na ce ko sabon salo ne, don mawaƙa ba sa rabuwa da sabon salo. Ya shiga ɗaki, na saki kiɗa, na zuba masa ido ta gilashi. Bakinsa yana motsi, amma zanen muryar a allo siriri ne kamar zare. Baitin kuma na kirari ne, mutum yana cewa shi ne gaba, ba wanda ya isa ya tare masa hanya, amma yana faɗa kamar mai neman a ara masa gishiri. Akwai wani layi a tsakiya a kan wata yarinya mai zuwa kwaleji da littattafai a hannu, wannan kam haɗiye shi yake yi gaba ɗaya.

"Matso kusa da makirfo," na ce. "Ɗaga murya!"

"To, Baba."

Ya matso, muryar ta ƙara yin ƙasa.

Na bi jerin Malam Sabo. Na canza waya, ba ta canza komai ba. Ranar Lahadi na aro makirfo daga wajen wani mai wa'azi da muke mutunci, duk ɗaya. Na ce ko soson bango ne ya sha ruwan damina yake cinye sauti, na yage rabinsa, na zauna da ɗaki mai amo ba gaira ba dalili. Ranar Litinin na koma kan akwatin sautin hannu, na kira wanda ya sayar min a waya na gaya masa maganganun da daga baya sai da na ba shi haƙuri. Abin da ya fi ɗaure min kai, da yammacin ranar wani yaro daga Gwiwa ya zo ya ɗauki tasa waƙar a kayan nan dai, ta fito garau.

Na ce to bari in gyara a kwamfuta, ai aikina ne. A daren Litinin ɗin na murɗa maɓallin ƙarfi har ƙarshe, muka sake ɗauka. Na ɗora kwamfiresa a kan kwamfiresa. Muryar ta ɗago, amma ta ɗago da duk wani tarkace: ƙarar agogon bango, kukan akuyar maƙwabta, har motsin rigarsa. Na ninka ta sau uku don ta yi kauri, sai na samu mutum uku masu jin kunya maimakon ɗaya. Ta inda na ɓullo duk ba ta nan take ba. Ta ƙi hawa kiɗan, sai raɓe-raɓe take yi a gefe.

Na fara yi masa tambayoyi. Mura kake yi? A'a, Baba. Wani situdiyon ne ya ja ra'ayinka? Wallahi a'a, Baba. An yi maka faɗa a gida a kan waƙa? Ba a yi ba, Baba. Na tura masa kwanon shinkafa da wake, ya ce ya ƙoshi, mutumin da a da sai na riƙe hannunsa kafin in samu loma. Ranar Talata na zauna ni kaɗai a shago na toshe kunnen dama na saurara da na hagu, na toshe na hagu na saurara da na dama. Jerin ya ƙare, saura abu na ƙarshe. Tsoro ya kama ni sosai, ban ɓoye muku ba.

Ranar Laraba na koma gida cin abincin rana da kaina, tunda kwanakin nan ko na ce Habu ya je sai ya kawo uzuri. Na kasa cin abincin. Maiɗakina ta tambaye ni abin da ke damuna, na kwashe duka na gaya mata, har da batun kunnen. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, wai da gaske kake ko wasa?"

"Na yi miki kama da mai wasa?"

"Yaya na Babura bai kira ka ba?"

"A kan me?"

Ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. "Ikon Allah. Kai kaɗai ne a unguwar nan ba ka sani ba. Iyayen yaron nan sun je Babura neman izini tun makon jiya. Sadiya yake so. Ita ma tana so. Ka ɗauka tuwona ne yake sa shi rawar jiki in ka aiko shi?"

Sadiya 'yata ce ta biyu, a lokacin tana shekarar ƙarshe a kwaleji. Na ɗauki waya na kira Yaya Ado, wana da ke Babura, wanda shi ne mai ba da auren 'ya'yanmu duka.

"Yaya, ashe an zo wajenka?"

"An zo. Bincike nake yi, in na gama zan sanar da kai."

"To ai da ka ɗan gaya min, ina ta fama da yaron a shago."

"Kai meye naka a ciki? 'Yata ce ko 'yarka? Ka ji da kiɗanka."

Ya kashe wayar. Kwana biyar ina kwance wayoyi ina yage bango, ashe ni ne matsalar. Yaro ya ɗauka na sani, ya shiga kunyar suruki, ni kuma na zauna a gabansa ina leƙensa ta gilashi ina cewa ya ɗaga murya ya ce ba wanda ya isa.

Sanin dalili bai warware komai ba, sai ma ƙara dagulawa. Ranar Alhamis da safe da ya durƙusa ya ce "Baba, ina kwana," ni ma sai na kasa kallonsa. Ba zan iya ce masa na sani ba, ba zan iya ce masa ya manta ni waye ba. Na juya na fuskanci kwamfuta, ita na yi wa magana.

"Akwai inda zan je, zan ɗan jima. Ka ga wannan jan maɓallin? In ka danna shi kiɗa zai tashi, yana ɗauka. In ka gama ka danna wannan dogon. Ka rufe ƙofa."

"To, Baba. A dawo lafiya."

Ba inda na je. Shagon Iro tela na shiga, ƙofa uku daga nawa, na zauna a kan tulin yadi. Ba a jima ba sai muka ji abu ya ratso katako da sauran soson da na bari, ya fito har titi. Iro ya tsayar da keke.

"Wa ake yankawa a shagonka?"

Habu ne. Habun da na sani, har ma ya fi, kamar ihun kwana shida ne ya taru ya fashe lokaci ɗaya. Daɗi ya kama ni har na miƙe tsaye. A tsayen nan ne na tuna maɓallin ƙarfi. Yana nan a ƙarshe inda na bar shi tun ranar Litinin, an saita shi don mai raɗa.

Na fita da gudu ba takalmi. Na kai hannu kan ƙofa, sai na tsaya. In na shiga na rage, muryar ta mutu. In ban shiga ba, tana fashewa a cikin na'ura, kuma murya in ta fashe a wajen ɗauka, ba manhajar da take mayar da ita yadda take. Na janye hannu, na sake kaiwa, na sake janyewa. Haka na tsaya a rana a ƙofar shagona, ƙasa tana ƙona min tafin ƙafa, ina jin mafi kyawun baitin da aka taɓa yi a ɗakin nan yana lalacewa. Iro ya leƙo yana tambaya ko makulli na yar.

Da Habu ya fito ya gan ni, sai ya zube ƙasa. Gumi ya jiƙa masa riga, muryar ta dishe.

"Baba, an gama."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya hau babur ya tafi. Ko da muryar ba ta dishe ba, da wane baki zan ce ya sake? Sai in nuna masa ina tsaye ina ji ke nan.

Na zauna na buɗe aikin. Zanen muryar ya cika allo daga sama har ƙasa, kansa a shafe kamar an bi shi da almakashi, ko'ina ja. Na saurara, tana kaɗawa tana tsatsagewa, amma akwai wuta a ciki. Ga kuma ta ranar Litinin a gefe, tsaf da ita, kowace kalma tana fita, amma ba rai. Na rasa wadda zan tura. Don rashin abin yi, ba don dabara ba, na ɗora su a kan juna. Na rage tsinin fasasshiyar, na sa mai kunyar a ƙarƙashinta, na bi su gaɓa bayan gaɓa ina jan wannan ina tura waccan har bakinsu ya zo ɗaya. Da na iso layin yarinya mai littattafai, wannan karon ya fito rangadau. Na daɗe ina kallonsa. Na ɗan rage shi kaɗan, Allah ya gani, amma ban cire ba.

Bayan la'asar na gwada a waya mai tocila, na tare ɗan adaidaita ya sa min. Ya ji rabi ya ce, "Oga, tura min." Na hana shi. Ni dai kunnena yana gaya min aikin ɓatacce ne. Na tura Kano, na zauna ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Washegari mai haɗa musu sauti a can ya kira ni. Yaro ne mai kayan aikin da ko a mafarki ban taɓa riƙewa ba.

"Ranka ya daɗe, don Allah me ka sa a muryar nan? Na bincika duk abin da nake da shi ban samo irinsa ba."

Na yi gyaran murya na ce sirrin sana'a ne.

Waƙar ta fita, ta zaga, shagona ya cika. Har yau samari suna zuwa su ce a yi musu irin ta Habu. Na gwada, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na murɗa maɓallin har ƙarshe, na sa su yi ihu, na sa su yi raɗa, na haɗa. Hayaniya kawai nake samu. Ban san me ya sa ta yi a ranar ba, ban san me ya sa ba ta sake yi ba. Wanda ya ce muku dannawa ɗaya ce, ku turo min shi ya zo ya yi min bayani.

Yaya Ado ya gama bincikensa, bayan kaka aka ɗaura aure, Sadiya ta tare a Roni. Tun daga ranar Alhamis ɗin nan Habu bai sake shiga ɗakin ɗaukata ba, ni ma ban nema ba. A Kano yake ɗauka yanzu, amma ya ƙi yarda kowa ya tace masa sai ni. Ranar Juma'a yakan zo bayan an sauko daga masallaci, ya cire takalmi a waje, ya durƙusa a bakin ƙofa. Sai na kasa kunne sosai kafin in ji gaisuwarsa. Ba ya ce min ga waƙa, ni ma ba na ce masa ta yi kyau. In zai tashi ya ajiye ɗan memori a gefen tabarma kamar mantuwa ya yi.

Nakan jira ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, sannan in rufe ƙofa, in sa memorin a kwamfuta, in sa abin ji a kunne, in rage maɓalli. Ina kewar yaron nan ƙwarai, kuma nan ne kaɗai ya rage min inda nake haɗuwa da shi.